Dariyar Baba Alka

Da kuka zo mini da maganar gasar girki da kuke son ɗauka ku sa a waya, ɗaya daga cikinku, wancan mai sumar da ta manta hanyar wanzami, ya ce neman 'yan takara ba wuya, sai a zaɓi masu baki da masu kyan fuska, haɗa hoto kuwa ko a bayan kabu-kabu yana iya yin sa da babban yatsa. Na ƙyale shi ranar don ina da baƙi. Yau tunda kun dawo da ƙafafunku, ku zauna, ku kife wayoyin nan. Shekara ashirin da wani abu na yi ina wannan aiki da muke ce wa montaj, wato yanka hoton da aka ɗauko a jera shi ya zama labari, kuma da daƙiƙa huɗu kacal na taɓa korar mutum daga garinsu.

Lokacin da na fara, a Tawa, kayan aikin sun cika teburi guda. Injin kaset biyu ne, ɗaya yana karanta abin da mai kamera ya kawo, ɗayan yana ɗauka a sabon kaset. Kowanne da 'yar tele a kansa, a tsakiya kuma akwai wani ɗan gare da ake murzawa da yatsa, hoto ya yi gaba ko baya a hankali. Ba a cusa abu a tsakiya, yadda ka jera haka ya zauna. In ka kai minti ashirin sannan ka gane ka yi kuskure a minti na uku, sai ka koma can ka sake komai har ƙarshe. Ga zafi. Injin in ya ɗauki zafi sai ya tauna kaset, mu kwance shi mu zaro zaren a hankali muna salati. Kowace safiya kafin in sha koko sai na goge kan injin da auduga da alkol.

Wanda ya koya mini, Allah ya jiƙansa, wani dattijo ne da muke kira Mushe Garba, wato Malam Garba a bakin 'yan boko. Wata shida ban taɓa maɓalli ba. Aikina in zauna da littafi in kalli duk abin da aka ɗauko, in rubuta lambar da injin ya nuna da abin da ke wurin: nan mace ta ɗauki tulu, nan kamera ta girgiza, nan wani ya yi tari. Shi ya koya mini faci. In ka yanke maganar mutum a tsakiya, kansa zai yi tsalle a hoto, kowa ya gane an yanke. To sai ka nemo wani ɗan hoto, hannu ko fuskar mai sauraro ko akuya tana wucewa, ka liƙa a wurin ya rufe ɗinkin. Yakan ce faci da yadin rigar ake yin sa, ba da na rigar maƙwabci ba. Na rubuta maganar a bangon littafina, na ɗauka na gane ta.

Da na koma gida Madawa na buɗe ɗan ɗakina a bayan wani kanti kusa da gudron, babbar hanyar kwalta, yawancin aikin biki ne da suna da tarbar alhazai. Wata uwar amarya ta taɓa zama a kaina yini guda sai na cire duk inda dangin ango suka fi nata dangin kyan zane. Wani alhaji kuma ya ce in maimaita saukowarsa daga mota sau uku, don sau ɗaya bai ishi mutane su ga alkyabbar ba. Ina yi musu, ina dariya a ciki. Irin wannan ƙaryar kowa ya san da ita, ba ta cutar da kowa.

Aikin da nake son ba ku labarinsa ya zo ne daga wani aikin raya karkara, irin waɗanda muke ce wa faroje. Suna son manoma su koyi farfaɗo da fako, ƙasar nan mai tauri da ko ciyawa ta ƙi. Sai wani mutumin Yamai, Mushe Sani, ya kawo musu dabara: maimakon a tara mutane a yi musu jawabi suna gyangyaɗi, a yi gasa a ɗauka. Manoma goma sha biyu daga ƙasar Madawa da Buza da Keita, kowa a auna masa fako daidai da na ɗan'uwansa, ya jera duwatsu su tare ruwa, ya haƙa tassa, ƙananan ramukan da ake zuba taki a shuka a ciki. Lokaci-lokaci kamera ta zagaya, malaman gona su duba, a fitar da mutum biyu, har kaka ta yi a ga wanda hatsinsa ya fi. Kyautar sharet ce, wato amalanke, sabuwa da jakinta. Aka sa wa shirin suna Gwanin Fako. Mai kamera Yohanna ne, Kirista, a unguwar ma'aikatan asibitin mishan ya tashi, mutum mai haƙuri da ba ya kashe kamera da wuri. Ni aka ba haɗawa.

Sai aka yi rashin sa'a, shekarar ce aka karya darajar kuɗinmu na sefa. Kaset daga waje yake zuwa, komai ya tashi, faroje ya ce a tsuke. Aka ce ba sai mai haɗawa ta bi su daji ba, ta zauna Madawa a riƙa kawo mata kaset. Aka ce a nemi 'yan takara biyu-biyu a ƙauye ɗaya, fakonsu kusa da juna, don mota ta yi tafiya ɗaya ta ɗauki mutum biyu. Aka kuma ce duk kaset ɗin da na gama da shi a mayar wa Yohanna ya ɗauki sabon abu a kansa. Ranar da aka faɗi waɗannan ban ga illarsu ba, na ma ji daɗi an hutar da ni hanyar dutse.

Yadda aka yi zaɓen a wani ƙauye na ƙasar Ibohamane, wanda ba zan faɗi sunansa ba, daga baya Yohanna ya ba ni labari. Mushe Sani ya sauka daga mota da takardunsa ya ce yana son tsoho mai fuskar da kamera za ta so, da matashi mai ƙarfi, don a ga tsohon hannu da sabon jini. Maigari ya nuna Baba Alka, dattijo mai farin gemu da fara'a. Malamin gonan yankin kuma ya nuna Illa, ya ce duk tudun nan ba matashin da ya kai shi jera dutse. Takardar tana tambayar suna, da sunan uba, da shekaru, da ko mutum yana da gona. Aka cika, aka dangwala yatsa. Yohanna ya ce ya lura Illa ya cire takalmansa ya durƙusa can nesa, ya roƙi a sa wani a madadinsa. Mushe Sani ya ce kunyar kamera ce, za ta sake shi. Mutanen ƙauyen nan kakanninsu a ƙarƙashin masu raƙuma suka rayu, sun daɗe da koyon cewa in mai iko ya yanke magana ba a ja da shi. Ba wanda ya ƙara tankawa. Duka zaɓen bai kai shan shayi ɗaya ba.

Kaset na farko da ya iso hannuna, ina ganin Baba Alka na ce mun samu. Yana magana yana tsokanar malaman gona, layin duwatsunsa miƙe kamar an ja da igiya. Illa kuwa, duk lokacin da kamera ta juya gare shi yana zaune ƙarƙashin wata bagaruwa ya ba filin baya. In an kira shi ya yi magana kusa da tsohon, sai ya durƙusa ya kalli ƙasa ya ce sai godiya. An miƙa masa ruwa ya ƙi sha, an kawo fura ya ce ya ƙoshi. Fakonsa rabi ma bai kai ba. Ni ba baƙuwa ba ce, a ƙasar nan aka yanke mini cibiya. Da a tsakar gida na ga namiji yana haka, da kafin gwiwarsa ta taɓa ƙasa na san abin da ke nan. Amma a cikin 'yar tele mai faɗin tafi biyu, da takarda a gabana da ke cewa ɗan takara na bakwai da ɗan takara na takwas, abin da na gani malalaci ne mai girman kai.

Mushe Sani ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce gasa ba ta daɗi sai da wanda za a so da wanda za a yi wa dariya, ga shi mun same su a fili ɗaya. Na tattara duk zaman Illa na jera: tsoho ya ɗaga diga, sai Illa a inuwa, tsoho ya share zufa, sai Illa a inuwa. Sunan ma ni na raɗa, ba zan ɗora wa kowa ba. Ina murza gare na ce ga Sarkin Inuwa nan. Mushe Sani ya yi tafi, ya sa mai sharhi ya faɗa a cikin shirin.

A zagaye na uku aka fitar da Illa. Malamin gona yana karanta sakamako, ya kai kan sunansa, sai wani ya bangaji Yohanna, hoton ya karkace na daƙiƙa huɗu. Muryar tana nan lafiya, hoton ne ba ya kalluwa. Ana son faci. Na duba abin da aka ɗauka a wurin, babu fuskar kirki, kowa ya sunkuyar da kai. Wuta ta riga ta ɗauke sau biyu ranar, mota kuma tana jiran aikin. Sai na tuna na rubuta a littafina, a wani kaset na baya da ban riga na mayar ba: Baba Alka na dariya, kyakkyawa. Na ɗauko. Dariya ce ta gaske, har ya riƙe ciki, gemu na rawa. Na liƙa ta daidai inda aka ce Illa ya fita. Na mayar na kalla, ta zauna daram, har na yaba wa kaina.

Shirin ya zaga. An kwafe shi ana yawo da shi kasuwa-kasuwa da injin wuta. Ƙauyen su Illa labari kawai suke ji daga masu zuwa kasuwar Keita, har yara sun fara kiran sunan nan ba su san daga inda ya fito ba. Da kaka ta yi, Baba Alka ya ci gasa, sai aka ce a kai masa sharet har gida, a nuna wa garin shirin gaba ɗaya. Ranar ce aka ce in zo in ga mutanena. Na ci ado. Bayan la'asar aka tara jama'a a magaza, ɗakin ajiyar hatsin gari, aka toshe tagogi da buhuna, maza gaba, mata baya, ni ina cikin mata a kan kujerar da aka ba ni ta girmamawa.

Da farko ana ta murna, kowa ya ga kansa ko akuyarsa sai ya nuna. Da mai sharhi ya ce Sarkin Inuwa, samari kaɗan suka yi dariya, manya ba su yi ba. Na ɗauka rashin sabo ne. Sai aka zo wurin. Murya ta ce Illa ya fita, fuskar Baba Alka ta cika tele yana ƙyaƙyatawa. A Madawa nan ne mutane ke faɗuwa don dariya. A magazar nan ba abin da ake ji sai injin wuta a waje. Matan da ke gefena suka rufe baki da mayafi. Wata mai goyo ta miƙe ta fita tana tuntuɓe da ƙafafun mutane. Na juya ga tsohuwar da ke kusa da ni na tambaye ta ko lafiya.

“Madan, ashe ba ku sani ba?” in ji ta. “Surukinai na. Wagga da tat tashi, Tsahara, ɗiyar Alka ta, matar Illa ta.”

Ban taɓa jin kunya da tsoro irin na lokacin ba. Duk abin da na kalla wata da watanni ya juye a kaina, durƙuson, da ƙin shan ruwa, da ba da baya. Wane ɗan mutunci ne zai ci ko ya sha a gaban uban matarsa, balle ya tuɓe riga ya yi tsere da shi a fili ɗaya, balle ya kayar da shi? Mun ɗauki suruki da suruki mun haɗa su gasa, sannan ni da hannuna na sa uban mata ya yi wa mijin 'yarsa dariya a gaban duniya.

Aka kashe tele. Baba Alka ya taso har inda nake, an gaya masa ni ce mai haɗawa. Bai ɗaga murya ba.

“Ɗiyata, dariyag ga tawa ta, ban musu ba. Amma ba nan niy yi ta ba. Wa yaɗ ɗauko ta yak kawo ta nan?”

Mafi muni, ba wanda ya yarda da shi. Mutanen nan ba su taɓa jin ana ɗaukar dariyar jiya a liƙa ta a kan maganar yau ba. Sun gani da idonsu, gani kuwa ya kori ji. Har maigari ya ce masa ya yi shiru, abin da ya faru ya faru. Illa tun kafin a buɗe tagogi ya sulale, ban ga fuskarsa ba.

Bayan kwana biyar malamin gona ya zo Madawa ya tsaya a ƙofar ɗakina. Ya ce Illa ya tafi biɗa, wato ci-rani, can Abija ba sallama, hatsinsa ma bai gama kaiwa rumbu ba. 'Yan'uwansa kuma sun ce tunda Alka ya ga ɗansu abin dariya ne, to ya riƙe 'yarsa. Sun sa Tsahara ta kwashe kayanta ta koma gidan ubanta da jariri. Aure ne na shekara huɗu, ba a taɓa jin kansu ba. Na sami Mushe Sani, ya ce abin ba daɗi amma shiri ya riga ya fita, ba man mota don gyaran auren ƙauye. Abin da na gaya masa ranar ba zan maimaita a gabanku ba, ku yara ne. Bai sake ba ni aiki ba.

Abin da zai cece mu ɗaya ne, asalin kaset ɗin da dariyar take ciki, ni kuwa na mayar da shi tuni. Na hau motar haya na sami Yohanna a gida. Ya saurare ni, ya shiga ɗaki ya jawo wani akwatin ƙarfe. Ashe kaset uku ya ɓoye bai bi umarni ba, don akwai fitowar rana a kan tudu da ya ɗauka yana ƙaunarta, ya kasa shafewa. Muka dawo muka zauna gaban inji. A na biyun muka same ta. Mushe Sani ne yake yi wa Baba Alka tambaya, ya miƙa makirufo mai rigar gashi, sai jakin wani ya zo ta baya ya cafke rigar ya fara tauna, Mushe Sani na ja, jaki na ja. Abin da tsoho ya yi wa dariya ke nan. Illa ba ya ma wurin.

Sai Yohanna ya ce in ga fitowar ranar tasa, tunda saboda ita kaset ya tsira. Hoto ne daga nesa, gari ya fara haske, tudu ja. A kusurwar ƙasa akwai mutum yana tafe da dutse a ka. Na taɓa ganin hoton, na rubuta a littafi: fitowar rana, wani na wucewa. Wannan karon na murza gare a hankali. Illa ne. Kuma ba fakonsa yake kai dutsen ba, na Baba Alka yake kaiwa. Ya ajiye, ya gyara zamansa da ƙafa, ya koma ya ɗauko wani. A kaset na uku ma haka, wata safiyar daban. Layin nan miƙaƙƙe da muka yi ta yabo, Sarkin Inuwa ne ya jera shi kafin kowa ya fito, sannan ya je ya zauna ya bar nasa.

Muka nemi mota da kanmu, muka ari injin wuta, muka koma magazar nan. Na tsaya gaban maza, abin da ban taɓa yi ba, na ce ni na yi ɓarnar, ga yadda ake yin ta. Na nuna musu jaki da makirufo. Na nuna musu karatun sakamako da karkataccen hotonsa, ba dariya a ciki. Sai da na maimaita sau uku kafin wani dattijo ya yi salati ya ce ashe akwatin nan ma yana ƙarya. Mutane suka fara juyawa suna ba Baba Alka haƙuri. Magana ta ƙare a nan. Amma ni kaina ya riga ya ɗauki zafi, ina son in wanke Illa tas, in wanke kaina tare da shi. Na ce ku tsaya, akwai saura. Na sa fitowar rana. Na tsayar da hoton, na ɗora yatsa a kan gilashi na ce ku duba wanda ke jera duwatsun.

Aka yi ta mamaki, ana sa wa Illa albarka. Baba Alka kuwa ya tashi ya fita, ya ɗaura wa jakin kyautar sharet ɗin, ya ja shi da kansa ta tsakiyar gari har ƙofar gidan su Illa, ya ɗaure a nan ya juya. Washegari 'yan'uwan Illa suka je biko, Tsahara ta koma ɗakinta. Na dawo Madawa zuciyata fes. Shekara biyu ina ba da wannan labari a matsayin ranar da na gyara ɓarnata.

Tun daga nan na sake hali, kuma shi ne abin da zan ba ku don gasarku. Ban ƙara haɗa shirin da ban taka wurin da ƙafata ba. In za a zaɓi 'yan takara, nakan bar maza da takardunsu in shiga cikin gida in zauna da tsofaffin mata, in tambaya wa ke auren 'yar wa, wa ke jin kunyar wa, wa da wa ba sa ga maciji da juna. Wanda ya ce a sa wani a madadinsa, a ja shi gefe a ji dalili. Wanda ya yi shiru a hoto, a bincika shirunsa kafin a raɗa masa suna. Faci kuma daga wurin da abin ya faru, a lokacin da ya faru. In babu, a bar hoton ya karkace, ba wanda karkataccen hoto ya taɓa kashe wa aure. Shirin da aka yi haka ya fi daɗin kallo ma, don mutane suna gane nasu a ciki. Amma duk wannan rabin karatun ne, sauran rabin Illa ne ya ba ni.

Bayan damina biyu ina tashar Madawa ina jiran saƙo, sai malamin gonan nan ya taɓa ni ya nuna mini wani mutum zaune kan buhu yana jiran motar Keita. Ya rame, da rediyo sabuwa a cinya. Ni na san fuskarsa kamar ta ɗan'uwana, shi bai san tawa ba. Na je na gaishe shi na faɗi ko ni wace ce. Na roƙi gafara a kan sunan da dariyar, sannan, don bakina ba ya iya barin magana, na ƙara da cewa ai ya ji na koma na nuna wa gari gaskiya. Ya ce ya ji, tun yana Abija wasiƙa ta same shi. Ya daɗe yana murza igiyar rediyon.

“Madan, sunan ba komi na ba,” ya ce. “Ni yaro na, in anka ce mani malalaci damana guda ta isa ta wanke ni. Dariyar ita tak kore ni, kuma jakin ya wanke ta. Da nan kinka tsaya, da na gode maki har in mutu.”

Na yi tsaye ban gane ba. Ya ci gaba, idonsa a ƙasa.

“Tsohon ga ciwon baya ya ci ƙarhinai tun kahin ku zo. Ba wanda yas sani sai ni da ɗiyatai. Mutum na da anka sani da ƙarhi, duk garin shi ka gwada ma yara jera dutse. Ni ka tashi da sassahe don kada kowa shi gani, shi ma muna yi awa bai sani ba. Ke kuma kin tara gari kin aza yatsa.” Ya ɗago ya dube ni karo na farko. “Wa yac ce maki ina son a wanke ni?”

Na waiga ga malamin gona, ya kawar da kai. Sai a lokacin ya gaya mini abin da ya ɓoye mini shekara biyu. Tun ranar da Baba Alka ya ɗaure jakin nan bai sake zama a majalisar gari ba, daga masallaci sai gida. Yaran da suka bar kiran Sarkin Inuwa kuma sun sami sabon suna, tsohon suke kira Gwanin Aro. Garin gyaran gira na tsone ido, kuma shekara biyu ina yawo da abin ina alfahari.

Motar Keita ta cika, Illa ya ɗauki buhunsa ya shiga. Na yi niyyar komawa ƙauyen in durƙusa gaban tsohon, ina ta cewa sai bayan salla, sai bayan kaka, har aka aiko mini ya rasu. Kaset ɗin fitowar rana yana nan cikin akwatina, ba sauran injin da zai karanta shi, kuma gara haka.

Kai mai suma, ɗauki wayarka. Kafin ka ɗora babban yatsan nan a kan fuskar mutum, ka je ka tambayo ko surukin wa ne.